Jinkirin Intel ne ya tayar da AMD, ko dama can sun shirya?

Ɗan_Sabon_Titi:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ga wata magana da nake so mu baje ta. Ni a ganina, duk kirarin da ake yi wa AMD, kishiyar Intel wajen yin furosesa (wato ƙwaƙwalwar kwamfuta), da shugabarta Lisa Su, rabinsa Intel ce ta ba su kyauta. An sa ran furosesan Intel na nanomita 10, wato sabon tsarin bugawa da ke ƙanƙanta kayan cikin cif, tun 2016, aka ɗaga zuwa 2017, aka sake ɗagawa, bai shigo kasuwa da yawa ba sai ƙarshen 2019, shi ma a laftof kawai. Na kwamfutar tebur kuwa sai 2021. Da ba ta yi wannan nawar ba, ta ina AMD za ta samu ƙofa? Kamfanin da a 2015 hannun jarinsa ya faɗo ƙasa da dala 2. To tambayata ita ce, in kamfani ya makara wajen fitar da sabon furosesa, kishiyarsa ce ke kwashe ribar kai tsaye, ko da sauran magana?

Kwamandan_Ryzen:
Wa alaikumus salam. Kyauta kuma? Malam, Ryzen, furosesan AMD, ya fito a watan Maris na 2017, kuma an fara zana shi tun wajen 2012, lokacin da babu wanda ya san Intel za ta yi tuntuɓe. Ryzen 7 1800X mai ƙwayoyin lissafi 8 dala 499 aka sa masa, na Intel mai ƙwaya 8 a lokacin sai ka ajiye dala dubu. Wannan aiki ne, ba sadaka ba.

Injiniya_Zazzau:
Ku biyun kowa ya riƙe gefe guda. Bari in fara da abin da ya makale, don sai an gane shi sauran maganar za ta zauna.

Ana buga cif ne a kan faifan silikon mai faɗin milimita 300, ɗaruruwa a faifai ɗaya, sannan a yanka. Wasu su fito lafiya, wasu da aibi. Kuɗin sarrafa faifan ɗaya ne ko masu kyau sun yi yawa ko sun yi kaɗan. Saboda haka in aka ce sabon tsari ya makara, yawanci ba wai an kasa yin cif ɗin kwata-kwata ba ne, masu kyan da ke fitowa ne ba su kai a sayar a ci riba ba. Intel ta so ta ninka cunkoson taransista (ƙananan makunnan lantarki da ke cikin cif) kusan sau 2.7 a tsalle ɗaya, ta shigo da sabbin dabaru da yawa a lokaci guda har da amfani da ƙarfen kobal a wasu wayoyin ciki, kuma duk ba tare da injin EUV mai zana cif da haske na kamfanin ASML na ƙasar Holan ba, don bai nuna ba a lokacin. A 2018 ta fitar da wani Core i3-8121U don dai a ce nanomita 10 ya fito, ƙwaya 2 ne, kuma sashen hotonsa a kashe yake. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka halin da masana'antar ke ciki.

Abin da ya fi yi mata illa shi ne a lokacin zanen furosesa ɗaure yake da tsarin da za a buga shi a kai. Sabon zane na jiran nanomita 10, nanomita 10 bai zo ba, sai aka yi ta maimaita zanen Skylake na 2015 ana canza masa suna: Kaby Lake, Coffee Lake, Comet Lake. Daga jen (wato zango) 6 har jen 10 na tebur, ƙwayar ɗaya ce, sai ƙarin gudu da ƙarin yawa.

Hajiya_Lissafi:
Ni ban san taransista ba, amma na san littafin kuɗi. Ɗan_Sabon_Titi ka ce "kai tsaye", a nan nake da ja. Shekarun da Intel ke cikin wannan nawar su ne shekarun da ta fi samun kuɗi a tarihinta. Cinikinta na 2020 ya kusa dala biliyan 78, na 2021 ya kai 79. AMD a 2020 ba ta cika biliyan 10 ba. Faɗuwar ba ta bayyana a littafi ba sai 2022 da cinikin ya sauko 63, sannan 54 a 2023. Wato tsakanin ranar da aka fara makara da ranar da aljihu ya ji a jikinsa, shekara shida ko fiye.

Ɗan_Sabon_Titi:
Hajiya to me ya riƙe kwastomomin duk tsawon wannan lokacin? In kaya sun tsufa ga sabo a gefe, me ake jira?

Mai_Gadin_Saba:
Wannan ɓangarena ne, bari in amsa a madadin Hajiya. Mai siyan laftof ɗaya zai iya canza ra'ayi a bakin kanta. Mai siyan saba dubu, wato manyan kwamfutocin cibiyar bayanai, ba zai iya ba. Kafin a shigo da sabon nau'in furosesa cikin cibiyar adana bayanai sai an gwada shi watanni, a ga ko manhajojin da ake da su za su zauna a kansa, a duba lasisi, a horar da ma'aikata. Ko a ɗan ƙaramin wurin da nake aiki, da aka kawo shawarar canza nau'i, tambayar farko da shugabanmu ya yi ita ce: in mun koma, shekara uku masu zuwa suna da na gaba? Ba wanda yake son ya yi hijira sau biyu.

Shi ya sa Epyc na farko, furosesan saba na AMD, a 2017 bai girgiza komai ba, mutane kallo kawai suka yi. Sai da na biyunsa, Rome, ya zo a Agustan 2019 da ƙwaya 64, alhali Xeon ɗin Intel na yau da kullum ya tsaya a 28, sannan na ukun, Milan, ya biyo a 2021 a kan lokacin da aka yi alkawari, sannan manyan masu siya suka saki jiki. Daga ƙasa da kashi 1 cikin ɗari na kasuwar saba, AMD ta kai kusan kashi ɗaya bisa huɗu a 2024. Abin da aka sayar musu a gaskiya jadawali ne da ake cikawa, a daidai lokacin da na ɗaya gefen yake ta zamewa.

Kwamandan_Ryzen:
Yawwa! Ka ji maganar manya.

Baba_Pentium:
Kwamanda ka rage murna, yaro. Mu da muka fara gyaran kwamfuta tun ana sa faifan fulofi mun ga wannan wasan ta ɗaya fuskar. A 2003 AMD ta fito da Opteron da Athlon 64, Intel na can tana fama da Itanium wanda shi ma ya makara shekaru, ga Pentium 4 na ta zafi. AMD ta yi sama har ta ci kusan rubu'in kasuwar saba. Sai Intel ta dawo da Core 2 Duo a Yulin 2006. Kafin shekarar ta ƙare ta haɗa cif biyu masu ƙwaya bibbiyu a gida ɗaya ta ce ga mai ƙwaya 4. AMD ta ce wannan liƙe ne, ita na gaskiya za ta yi, ƙwaya 4 a cif ɗaya, wato Barcelona. Bai fito ba sai Satumbar 2007, da ya fito aka gano aibi a cikinsa, maganin aibin kuma yana rage masa gudu, gyararren bai wadata ba sai 2008. Ga bashin siyan kamfanin katin hoto na ATI a kan dala biliyan 5.4 a wuya. A 2009 dole ta rabu da masana'antunta, su ne suka zama GlobalFoundries. Furosesanta Bulldozer na 2011 ya zo ya ƙarasa ta.

Abin dariya, a 2017 Intel ce ta koma tana yi wa Epyc gorin cewa cif huɗu ne aka liƙe. Yau kowa liƙewar yake yi.

'Yar_Birni:
Baba Allah ya ƙara lafiya, amma akwai abin da ka tsallake. Lokacin da AMD ke gaba a 2003 zuwa 2006, ba makara ce kaɗai ta hana ta cin kasuwa ba. An zargi Intel da ba wa masu haɗa kwamfuta rangwame da sharaɗin kada su yi hulɗa da AMD sosai. A 2009 Intel ta biya AMD dala biliyan 1.25 aka rufe ƙararrakin da ke tsakaninsu. Don haka ko kana da kaya mai kyau kuma kishiyarka ta makara, in ita ke riƙe da dillalai, ribar da za ka ci tana da iyaka.

Baba_Pentium:
Haka ne 'yata, wannan ma yana ciki.

Mai_Shago_Beirut_Road:
Ku kuna maganar Amurka, bari in gaya muku yadda abin yake sauka a Kano. Mu kayan gwanjo muke sayarwa, laftof ɗin da ofisoshin Turai da Amurka suka yi shekara uku ko huɗu da shi suka sauke. To duk abin da ya faru a can, sai bayan shekara huɗu muke ganinsa a kan kanta. Jen 6 da jen 7, in ka ba kwastoma biyun ya gwada ba zai bambance ba, yanzu da Injiniya ya yi bayani na gane dalili. Amma jen 8 daban ne. Core i5 na laftof daga ƙwaya 2 ya koma 4, kuma a Agustan 2017 ya fito, watanni kaɗan bayan Ryzen. Shekara da shekaru ana ba mu 2, sai ga 4 rana ɗaya. Wannan ai tsoro ne ya kawo shi.

Sannan da can in kwali ya zo da wuya ka ga AMD a cikin na ofis. Yanzu ThinkPad T495 da T14 da EliteBook 845 masu Ryzen suna zuwa sosai. Matsalar ita ce kwastoma. Yana ganin jan tambari sai ya ce a'a, shi "Core i" yake so, wai ya ji AMD na zafi. Labarin tsofaffin A6 da A8 ne yake bin su har yau. Sai ka rage masa kuɗi kafin ya ɗauka, alhali a aiki ta fi wadda ya zaɓa.

Ɗalibi_BUK:
Oga tunda ka zo, dubu nawa T14 mai Ryzen 5 yanzu? Kuma yana ɗaukar Windows 11?

Mai_Shago_Beirut_Road:
Farashi ka same ni ta akwatin sirri, dala ba ta barin mutum ya faɗi kuɗi a fili. Windows 11 kuwa yana ɗauka. Ƙa'idar Microsoft ita ce Intel daga jen 8, Ryzen daga 2000 zuwa sama, in ka cire 'yan kaɗan. Kuma tunda sun daina tallafa wa Windows 10 a Oktoban 2025, jen 6 da jen 7 sun zama kayan da sai an lallaɓa mai siya.

Sarkin_Sola:
Ni abin da ya dame ni batir ne. Mu da wuta ke zuwa awa uku a tafi, wace ce ta fi riƙe caji? Duk wannan tarihin biliyoyin bai sa min fanka ta juya ba.

Injiniya_Zazzau:
Sarkin_Sola ai tambayarka ita ce maganar da ake yi, ba ka lura ba ne. Ƙanƙantar taransista ita ke rage cin wuta. Ryzen 4000 na laftof da ya fito a 2020 an buga shi a nanomita 7 na TSMC, kamfanin Taiwan mai buga wa wasu cif, ya sa ƙwaya 8 a cikin wat 15. Intel a wannan ajin tana da 4 a sabon tsari, ko 6 a tsohon nanomita 14. Amma a gwanjo lafiyar batirin da kansa ta fi sunan furosesa muhimmanci, ka sa a buɗe maka rahoton batir kafin ka biya.

Shugaban_Zaure:
Jama'a ciniki a koma zauren saye da sayarwa don Allah. A dawo kan tambayar Ɗan_Sabon_Titi.

Ɗan_Damagaram:
Gaisuwa daga Zinder. Ina ta karantawa, kowa na cewa Intel da AMD kamar su biyu ne a filin. Wanda ya fi kowa cin moriyar wannan jinkirin yana Taiwan. AMD ba ta buga cif ko ɗaya da hannunta. Kuma ku tuna, a Agustan 2018 GlobalFoundries ta ce ta haƙura da nanomita 7 gaba ɗaya, kuɗin ya fi ƙarfinta. Da AMD ta dogara da ita kaɗai, da ita ma ta makale a wuri guda tare da Intel, da babu wannan muhawarar. Ta koma TSMC, wadda ta riga ta fara buga nanomita 7 da yawa a 2018 saboda cif ɗin iPhone. Zen 2, sabon zanen Ryzen, ya fito ranar 7 ga Yulin 2019. Wannan ne karo na farko cikin shekaru masu yawa da furosesan AMD ya fi na Intel sabon tsarin bugawa.

To wa ya yi nasara, mai zane ko mai bugawa? Yau ita kanta Intel, Lunar Lake da Arrow Lake na 2024, babban sashensu a TSMC aka buga.

Kwamandan_Ryzen:
Ɗan_Damagaram, TSMC a buɗe take ga kowa mai kuɗi. Me ya sa sauran ba su yi abin da AMD ta yi ba? Dabarar yanka furosesa ƙanana-ƙanana a haɗa, ita ta sa ƙwaya 64 ta yiwu da araha. Ƙaramin cif ya fi fita lafiya daga faifai fiye da ƙato. Wannan ba TSMC ce ta yi musu tunaninsa ba.

Ɗan_Damagaram:
Ban musa ba. Amma a buɗe take ga mai kuɗi bisa layi, kuma a lokacin Apple ne a gaban layin.

Hajiya_Lissafi:
Wannan maganar layin ita ce amsar da nake nema tun ɗazu. Abin kamar tasha ne: motar da kuka saba hawa ta yi latti, fasinja sun taru, ga wata ta iso da wuri. In kujera 18 gare ta, mutum 18 za ta ɗauka, sauran ɗari su ci gaba da jiran waccan ko suna so ko ba sa so. A 2018 da 2019 Intel ta kasa wadatar da kasuwa, har ta fitar da wasiƙar ban haƙuri ga kwastomominta a Nuwamban 2019, Dell ma ta rage hasashen cinikinta ta ambaci ƙarancin furosesa. Wannan dama ce da ba a taɓa ba AMD irinta ba. Amma nawa za ta iya bugawa? Ƙarshen 2020 ga Ryzen 5000, ga katin hoto, ga cif ɗin PlayStation 5 da Xbox duk nata ne, duk daga rabon faifan da TSMC ta ware mata. Ga korona ta sa kowa na neman laftof. Dole ta zaɓi inda riba ta fi, ta tura faifan wajen saba, ta bar wa Intel ƙananan laftof. Intel ta sayar da duk abin da ta iya bugawa, tsoho ne ko sabo.

Injiniya_Zazzau:
Ƙari a kan na Hajiya: ƙarancin nan ma ɗan jinkirin ne. An tsara cewa zuwa 2018 yawancin kaya sun koma nanomita 10, sai ga shi komai na cunkushe a 14. Kuma don a tare Ryzen an ƙara ƙwayoyi, i7-8700K mai 6 a 2017, i9-9900K mai 8 a 2018. Ƙarin ƙwaya na nufin cif ya ƙara girma, faifai ɗaya ya ba da kaɗan. Ga modem ɗin iPhone na 2018 shi ma a layin. Wato matsin da AMD ta yi ya rage yawan abin da Intel ke iya fitarwa tun kafin ta ƙwace mata kwastoma ko ɗaya.

Farashi ma haka. Mai ƙwaya 18 na Intel a 2018 kusan dala 2,000 ne, magajinsa i9-10980XE a ƙarshen 2019 ƙasa da dala 1,000. An raba kuɗin biyu cikin shekara guda. Ko wanda bai taɓa siyan AMD ba ya ci arzikinta.

Gimbiyar_Mac:
Kun manta da mu. A Yunin 2020 Apple ta sanar za ta bar furosesan Intel bayan shekara 15 suna tare, a Nuwamba cif ɗinta na M1 ya fito a nanomita 5. MacBook Air ko fanka babu. Wannan kwastoman bai koma AMD ba, gida ya koma ya yi nasa. Amazon ma haka, ta yi nata furosesan Graviton tun 2018, na biyunsa a ƙarshen 2019, a kan zanen kamfanin Arm, wanda ya bambanta da na Intel da AMD. Ni a ganina wannan ya fi ciwo, don wanda ya tafi AMD zai iya dawowa gobe tunda manhaja ɗaya suke ci, amma wanda ya kashe biliyoyi ya sauya manhajarsa zuwa Arm ba ya dawowa. Kuma wannan asarar ta shafi AMD ita ma, kasuwar da suke rabawa ce ta ragu.

Baba_Pentium:
Apple dai da ma halinta ne. Ta bar Motorola, ta bar PowerPC a 2005 da IBM ta kasa ba ta G5 da zai zauna a laftof, ta bar Intel. Ko Intel ba ta makara ba ina ganin da sun tafi, sai dai a ce jinkirin ya sa sun yi sauri.

Gimbiyar_Mac:
Baba ai misalin G5 ɗin da ka kawo nawa yake ƙarfafawa. Duk tafiyar da suka yi, wani ne ya kasa kawo kaya a kan lokaci.

Ɗan_Kasuwar_Hannun_Jari:
Hajiya ta ce littafi bai nuna ba sai bayan shekara shida, gaskiya ne, amma kasuwar hannun jari ba ta jira. Ranar 23 ga Yulin 2020 shugaban Intel na lokacin Bob Swan ya sanar cewa nanomita 7 ɗinsu ma zai makara da wata shida, har ya ce za su iya kai wasu kayan a buga musu a waje. Washegari hannun jarin Intel ya zube da kusan kashi 16, na AMD ya haura da kwatankwacin haka. Ba a sayar da furosesa ko ɗaya tsakanin daren da safiyar ba. Kuma wannan hauhawar ba ta takarda kawai ba ce, da hannun jarin nata AMD ta sayi kamfanin cif na Xilinx, cinikin da aka kammala a Fabrairun 2022 a kan kusan dala biliyan 49. Jinkirin wani ya zama jarin wani. Swan kuwa bai kai ko'ina ba, Pat Gelsinger ya karɓa a Fabrairun 2021, shi ma ya sauka a Disamban 2024, shekarar da kamfanin ya yi asarar kusan biliyan 19.

Ɗalibi_BUK:
Tambaya ta ɗalibi: ita AMD ba ta makara ne yanzu? Na ga kamar an taɓa ɗaga Ryzen 9000.

Kwamandan_Ryzen:
An ɗaga, daga 31 ga Yulin 2024 zuwa 8 da 15 ga Agusta. Sati ɗaya zuwa biyu. Wa ya mutu?

Mai_Gadin_Saba:
Dalibi ka kawo abu mai amfani, don kalmar jinkiri muna ta amfani da ita kamar girmansa ɗaya ne. Na sati biyu ba ya canza komai. Na wata shida yana iya sa ka rasa kakar ciniki guda, misali masu haɗa laftof sun riga sun rufe zanen kayan shekara da na wani. Mai kisa shi ne wanda ya kai tsawon zango guda, har kayanka ya fito ya tarar da wanda ba shi aka shirya ya kara da shi ba. Sapphire Rapids, Xeon ɗin Intel, ke nan. An shirya shi don 2021 ya fuskanci Milan mai ƙwaya 64. Aka yi ta gyara ana sake bugawa, bai fito ba sai 10 ga Janairun 2023 da ƙwaya 60, ya tarar magajin Milan, wato Genoa, ya riga shi da wata biyu da ƙwaya 96. Ba mugun furosesa ba ne, da ya zo a lokacinsa da an yaba masa.

Har gwamnatin Amurka abin ya taɓa. Babbar kwamfutar Aurora ta cibiyar Argonne, wadda Intel ke yi wa cif, ita aka sa ran za ta fara kai matakin lissafi biliyan sau biliyan a daƙiƙa. Ta yi ta jiran kaya, Frontier ta Oak Ridge mai cif ɗin AMD ta riga ta a 2022.

Malam_Shakka:
Ni duk ban gamsu ba. Kuna ɗora wa jinkiri abin da ba nasa ba. Ga Nvidia nan, cif ɗinta na ƙirƙirarriyar basira Blackwell ya samu matsalar zane a 2024, shugabanta Jensen Huang da bakinsa ya amsa cewa laifinsu ne, aka yi watanni ana gyara. AMD na da nata irin, MI300X, a kasuwa tun Disamban 2023. Me ta ƙwata? Ta sayar da na sama da dala biliyan 5 a 2024, Nvidia kuwa sashen cibiyoyin bayananta kaɗai ya haura biliyan 100. Mutane suka zauna suka jira, wasu suka ƙara siyan tsohon H100, saboda duk aikinsu a kan CUDA, manhajar Nvidia, aka gina shi. Ashe ke nan in kwastoma ba shi da hanyar fita, ka makara yadda kake so.

Kuma ciwon Intel na gaske ba AMD ba ce. Kuɗin duniya ne ya tashi daga furosesa ya koma cif ɗin ƙirƙirarriyar basira, ita kuma ba ta da abin sayarwa a can. Ko da nanomita 10 ya fito a 2016, wannan guguwar za ta same ta.

Injiniya_Zazzau:
Malam_Shakka, rabin farko na yarda, har ma ya dace da abin da Gimbiya ta faɗa: tsakanin Xeon da Epyc ƙofa a buɗe take don manhaja ɗaya ce, tsakanin Nvidia da sauran akwai katanga. Amma jinkirin Blackwell na watanni ne, kada a haɗa shi da na shekara uku. Rabi na biyu kuwa ina ja. Katin Ponte Vecchio da Intel ta so ta shiga wannan kasuwar da shi, shi ma jinkirin masana'anta na cikin abin da ya riƙe shi. Kamfanin da injiniyoyinsa suka shafe shekaru suna kashe gobara a gida, yaushe zai leƙa waje?

Malam_Shakka:
AMD ba ta da gobara a gida, kuma ita ma an bar ta a baya a wannan fannin. Sai ka nemo wani dalilin.

Ɗan_Sabon_Titi:
Na karanta duka, Allah ya saka. Har yanzu dai ina nan a kan cewa ba don nawar Intel ba da Ryzen ya tsaya a matsayin "mai araha", kamar yadda AMD ta saba zama. Ku duba Alder Lake da ya fito a Nuwamban 2021, da Intel ta samu sabon tsari a tebur nan take ta dawo ana kafaɗa da kafaɗa. Da a ce wannan ƙarfin ya zo a 2018 fa?

Kwamandan_Ryzen:
"Da a ce" ba ta gina masana'anta. Kuma Alder Lake ɗin ma Ryzen 7 5800X3D ya zo a 2022 ya kama shi a wasanni, a kan tsohon madabod na AM4 da mutane suka saya tun 2017.

'Yar_Birni:
Ni abin da nake jira in gani shi ne yadda 18A, sabon tsarin bugawa na Intel, zai kaya. Gwamnatin Amurka ta karɓi kusan kashi 10 na Intel a Agustan 2025, Nvidia ma ta ce za ta zuba dala biliyan 5. In wannan tsarin ya yi kyau kuma TSMC ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya, AMD da Apple da Nvidia duk rana ɗaya za su makara, tunda ƙofa ɗaya suke bi. Lokacin ne za a ga ko Intel na da kujerun da Hajiya ke magana.

Ɗan_Damagaram:
Ko Samsung. Kada a cire ta, duk da Qualcomm ta ɗauke cif ɗin waya na Snapdragon 8 daga wajenta ta kai TSMC a tsakiyar 2022.

Hajiya_Lissafi:
'Yar_Birni, ko TSMC ta yi tuntuɓe, sauya zane daga wata masana'anta zuwa wata ba aikin wata uku ba ne, shekara ake magana ko fiye. Kafin su gama ƙaura mai tuntuɓen ya miƙe.

Mai_Shago_Beirut_Road:
Duk yadda ta kaya, mu sai wajen 2029 za mu gan shi a kwali. Ɗalibi_BUK na amsa maka a akwati, ka duba, guda biyu suka rage.